Zuciyar Nafi'u da Amsar Mahaifiyarsa

Ko da soso da sabulu za a wanke mini ƙwaƙwalwa, ba zan manta da wata ranar Talata ba, cikin watan Yuli na shekarar da aka yi gasar Olamfik a Beijing. Ku da kuka shigo aikin tafinta a bayanmu kun sha jin ina cika baki cewa ni Bala ban taɓa ɓata magana ba, wai ko kaza ce ta yi kuka da Sinanci zan juya muku shi da Hausar Kano. To yau zan rage kaɗan. Na taɓa ɓatawa sau ɗaya, kuma ɓatawar da ta kusa sa a buɗe ƙirjin ɗan wata baiwar Allah ba da son ranta ba.

A lokacin ina aiki da wani kamfanin tura kaya a nan Guangzhou. Aikina in raka 'yan kasuwa zuwa kasuwar Shahe su sayi tufafi, in raka su kasuwar Zhanxi Lu su sayi takalma, in yi musu rigima da masu shago, in cike takardun kwantena. Bayan wannan, sunana yana cikin jerin tafintocin da wani babban asibiti yake kira idan an kawo ɗan Afirka da ba ya jin yaren. Aikin asibiti ba irin na kasuwa ba ne. A kasuwa idan lawban, wato mai shago, ya zagi Alhaji, sai in ce masa ana gaishe shi. A asibiti kuwa abin da aka faɗa shi za ka faɗa, sannan a ƙasan kowace takarda akwai wurin da tafinta zai sa hannu cewa ya isar da magana yadda take. Wannan sa hannun shi ne mutuncinka duka.

Ku tuna kuma yadda garin yake a wannan shekarar. Saboda gasar an tsananta binciken takardu. Biza ta yi wuya, mutanenmu da yawa tasu ta ƙare suna lallaɓawa. Mutum uku baƙaƙe ba sa tsayawa wuri ɗaya su yi hira sai ɗaya yana waige. Ni kaina da nake da takardu cikakku, fasfo ɗina ya fi matata sanin ɗumin ƙirjina a wannan bazarar.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, ina tsakiyar cin taliya, asibiti suka kira. Suka ce an kawo wani ɗan Najeriya ya rasu, in zo maza. Na tambayi sunan, aka karanto mini shi a karkace, amma na gane. Nafi'u ne.

Nafi'u ɗan Kano ne, shekarunsa ba su wuce talatin da biyar ba, dillalin takalma a Zhanxi Lu. Mutum ne mai sanyi, irin wanda idan ka taka shi shi zai ce maka sannu. Yana zaune a unguwar Panyu da matarsa, Basiniya Musulma daga arewacin ƙasar, mu dai Amina muke ce mata. Da hantsi ya faɗi a shago yana duba kwalaye. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe a kansa. Kafin azahar ya cika.

Da na isa, na tarar da mutanenmu sun fi talatin a barandar asibitin, masu gadi biyu suna tsaye suna kallonsu, ɗaya da wayar oba-oba a hannu. A gaba akwai Kabiru, ƙanen mamacin, wanda bai fi sati biyu da zuwa sayen kaya ba. Idonsa ja kamar an zuba masa barkono. Kusa da shi Alhaji Isiyaka ne, dattijon zangon Kumasi mai tura kaya Gana, wanda duk mutuwar da aka yi a cikinmu shi yake tsayawa a kan wanka da likkafani. Amina tana can gefe a kan benci ita kaɗai, ta riƙe takalman mijinta a cinya.

Wata likita mai suna Dakta Lin, mataimakiyar shugaban sashen tiyatar zuciya, ta ja ni ofis. 'Yar ƙaramar mace ce, da za ta shiga aljihun babbar rigata har da sauran wuri, amma idan ta kalle ka sai ka gyara tsayuwa. Ta ce a kira mata matar da ƙanen. Suka shigo, Alhaji Isiyaka ya biyo su, ba ta hana ba.

Ta fara da ta'aziyya. Sannan ta yi bayani a hankali, ina juyawa. A cikin zuciyar mutum akwai wasu 'yan ƙofofi masu buɗewa da rufewa, su ne bawul, kamar dai yadda makanikai suke faɗa. Akwai yaran da ake haifa da nasu a lalace. Idan mutum ya rasu zuciyarsa lafiya lau, ana iya ciro nasa a adana cikin sanyi, a sa wa irin waɗannan yaran. Za a buɗe ƙirji, a ɗauki abin da za a ɗauka, a ɗinke, a mayar da gawa ga iyalinta. Amma abin yana da lokaci. Idan ƙarfe shida na yamma ta yi ba a shiga da shi ba, an bar maganar.

Ta kuma faɗi doka, wadda aka kafa shekara guda kafin nan. Idan mamaci bai bar komai a rubuce ba, sai matarsa da iyayensa da 'ya'yansa manya duk sun sa hannu. Mutum ɗaya ya ƙi, an rufe fayil. Mahaifin Nafi'u ya daɗe da rasuwa, saura mata da uwa.

Ban gama rufe baki ba Kabiru ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Na rantse da Allah ba mai taɓa shi! Dama an gaya mana haka suke yi, su kwashe wa mutum kayan ciki su cusa auduga. Malam Bala, gaya mata ni ne ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na ce a'a!"

Na gaya mata. Ta ce ta ji, kuma ta fahimci zafinsa, amma a dokar ƙanen mutum ba ya cikin masu sa hannu. Da na juya wannan, na ɗan matsa baya, don na ga hannunsa ya dunƙule kuma ni ne mafi kusa.

Sai Amina ta yi magana, ba ta ɗago kai ba. Ta ce ba asibiti ne ya fara kawo zancen ba, ita ce. Shekara biyu da suka wuce sun haifi 'ya mace, Khadija, da irin wannan ciwon. A wannan asibitin, a hannun wannan likitar, suka yi wata huɗu suna jiran a samu bawul da zai yi mata. Ba a samu ba. Ranar da suka fito da ita a naɗe cikin zani, Nafi'u ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata, idan ya riga ta mutuwa, ta ba su nasa, kada wani uban ya fita ta wannan ƙofar yadda ya fita.

Ni na san rasuwar yarinyar, na je gaisuwa, amma wannan maganar ban taɓa jin ta ba. Na juya ta da Hausa. Kuma a nan, ku lura da kyau, a nan na fara karkata. Tafinta ya zama mai son wani ɓangare ya ci, shi kansa bai sani ba.

Kabiru ya ce, "Ya rubuta? Wa ya ji? Alhaji, ka faɗa musu haramun ne."

Alhaji Isiyaka ya shafa gemu ya ce, da Hausarsa ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "Yaro, malamai sun saɓa. Akwai masu hanawa, akwai masu cewa sadaka ne in dangi sun yarda. Ni ba zan ɗora maka fatawa da ban iya ba. A kira tsohuwan, shi ne zai faɗa."

Ƙarfe uku saura kwata muka kira Kano. Can ƙarfe takwas na safe ba ta cika ba, labari ya riga ya isa tun da asuba, gida ya cika. Dakta Lin ta ce a buɗe murya kowa ya ji, don ta zama shaida. Na ajiye wayar a kan tebur. Ta cikinta muna jin koke-koke da salati da shigowar masu gaisuwa. Wani ɗan'uwansu ya ɗauka, ya ce ga Hajiya nan a tsakar gida cikin mata, shi ma ya buɗe murya don kunnenta ba ya ji sosai.

Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya. Ta amsa da murya a daidaice, kamar wadda ake gaya wa rasuwar maƙwabci. Na yi mata bayanin komai, bawul da yara da ɗinki da ƙarfe shida, har da maganar da Amina ta ce mijinta ya yi. Na ce, "Hajiya, likita tana son ta ji daga bakinki. Kin yarda ko ba ki yarda ba?"

Tsakar gidan ta yi tsit. Sai ta ce, "Ni me zan ce a kan yaron nan? Ku da kuke can ku kuka san abin da ya dace. Duk yadda kuka yi, daidai ne."

Na juya ga Dakta Lin na ce mata da Sinanci, "Ta yarda."

Kabiru ya ga likita ta jawo takarda, ya gane. Ya yi tsawa, "Wallahi ba ta yarda ba! Umma ba za ta taɓa cewa komai a kan Yaya ba!" Ni kuwa na ce a raina, wannan tun ɗazu yake ihu, ko me aka faɗa ihu zai yi. Na ce masa, "Kabiru, da kunnenka ka ji. Ta ce daidai ne." Na sa hannu a wurin tafinta. Amina ta sa nata. Aka tura ɗaya takardar ta fas, na'urar nan mai aika takarda ta layin waya, zuwa wani shagon buga takardu kusa da gidansu a Kano, ɗan'uwan nan zai karɓo, Hajiya ta dangwala yatsa, a dawo da ita ta hanyar da ta je. Dakta Lin ta ɗaga waya ta ce a fara shirya ɗakin tiyata.

Kabiru ya fita baranda ya gaya wa jama'a cewa Bala ya sayar da gawar yayansa. Ku zo ku ga yadda wuri ya rikice. Mutanen da na yi shekaru ina cin tuwo da su suka taso mini. Wani ya ce dama an ce ina cin kare tare da Sinawa. Wani ya ce za su tare ƙofar ɗakin gawa, sai dai a bi ta kansu. Masu gadi suka zama shida. Na leƙa ta taga na hango motar 'yan sanda ta tsaya a bakin ƙofa, kuma na san a cikin masu ihun nan aƙalla rabi idan aka ce su fito da fasfo sai dai su fito da carbi. Gumin da na yi a wannan barandar, da an tara shi da jirgin ruwa ya kai kwantena Legas ba tare da ya bi teku ba.

Ana cikin haka Alhaji Isiyaka ya kama hannuna ya ja ni bayan wata ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Bala, marigayin, ɗansa na nawa ne a wurin tsohuwan?"

Na ce ban sani ba. Ya ce, "Tun da ya fara magana, ka ji ya kira sunan yaron ko sau ɗaya?"

Na tsaya. Yaron nan. Abin da ta ce ke nan, yaron nan. Na leƙa na kira Kabiru, ya zo kamar zai cinye ni. Na ce, "Nafi'u ne ɗan fari?" Ya ce, "Shi ne mana! Me nake gaya maka tun ɗazu? Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta faɗi sunansa ba. Ko yaye ba a hannunta aka yi ba, ƙanwarta Inna Larai ce ta raine shi."

Ga waɗanda aka haifa a nan ba su san wannan ba, bari in faɗa. A wurin iyayenmu na da, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Ranar aurensa za ka ga kamar ba ita ta haife shi ba. Idan ya mutu, sai ta haɗiye kukan a gaban jama'a. Ba rashin so ba ne, wallahi sau da yawa shi ne ma ta fi so. Irin wannan uwar, ni Bala, haifaffen cikin birni, na sa aka buɗe mata waya a tsakar gida cike da surukai da maƙwabta, na ce ta yanke hukunci a kan ƙirjin ɗanta na fari. Ko cewa na yi za a raba shi gida huɗu, abin da za ta ce ke nan: duk yadda kuka yi. Kuma idan aka kawo mata takarda a gaban matan nan, za ta dangwala, don ƙin dangwalawa ma shiga maganarsa ne. Shekara goma sha biyu a Sin ta sa na iya bambanta Sinancin Guangzhou da na Beijing, amma sai da mutumin Kumasi ya tuna mini yadda uwata take.

Na duba agogo, huɗu da minti goma. Kabiru ya ce, "To je ka ce mata Umma ta ƙi."

Na ce, "Ba ta ƙi ba."

"Ka ce ta yarda, yanzu ka ce ba ta yarda ba, kuma ba ta ƙi ba? Malam Bala, kana lafiya?"

"Ba a tambaye ta ba tukuna, Kabiru. Kira Inna Larai. Ka ce kada a bari takardar nan ta shiga tsakar gida."

Tafiyar da na yi daga wannan ƙofar zuwa ofishin Dakta Lin taku ashirin ce, amma na fi jin ta a ƙafa fiye da Safa da Marwa. Na shiga na ce mata ina so in janye sa hannuna. Ta ajiye alƙalami.

"Ka fassara ba daidai ba?"

Na ce kalmomin daidai na kawo, hukuncin ne na ƙara daga aljihuna. Hajiya cewa ta yi ta bar wa na nan su yanke, ni kuma na ce ta yarda. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari iyakar iyawata. Ta ce, "Ka san an riga an shirya ɗaki, an kira mutane daga gida? Ka san dole in rubuta wannan a rahoto, kuma mai yiwuwa a cire sunanka daga jerinmu?" Na ce na sani. Ta kalle ni har na ji tsawona yana raguwa. Sannan ta jawo takardar ta ja layi a kan sa hannuna, ta ce, "Ƙarfe shida tana nan yadda take. Samo mini amsarta ta gaskiya."

Amina tana zaune a wurin, duk ta ji. Ta taso ta tsaya a gabana. Ta ce, "Yaya Bala, ka san me ka yi? An gama. Abin da ya roƙe ni ke nan, shi kaɗai, kuma an gama, ka warware." Na ce mata ta yi haƙuri, idan Hajiya ta yarda da gaske ba abin da ya lalace. Ta ce, "Idan ba ta yarda ba fa?" Na fi son zagin mutum talatin na baranda a kan wannan tambayar.

A Kano kuma, wayar Inna Larai a kashe. Ta ɗan'uwan nan tana ta ƙara ba ya ɗauka, ashe yana kan babur da takardar a aljihu. Kabiru ya kira mutum bakwai kafin ya samu wata maƙwabciya da ta yarda ta kutsa cikin mata ta raɗa wa Inna Larai. Alhaji Isiyaka ya fita baranda ya ce wa jama'a duk mai son marigayi ya sauka ƙasa ya yi la'asar ya jira, ba a taɓa gawa ba kuma ba za a taɓa ba sai da izini. Suka sauka da gunaguni. Wani ɗan sanda ya hau sama ya tambaye ni ko akwai matsala. Na yi masa murmushin da ya fi na ango faɗi na ce, "Meyo, meyo," wato babu.

Biyar da minti ashirin wayar Kabiru ta yi ƙara. Inna Larai ce. Ta ce ta tare takardar a zaure, tana hannunta. Ta ja yayarta cikin ɗaki ta sa sakata, su biyu ne kawai. Na ce kada ta buɗe murya, ta kara mata a kunne. A nan ma na ce kowa ya fita, sai ni da Amina da likita. Kabiru ya ƙi fita, ya tsuguna a bakin ƙofa ya yi alkawarin ba zai yi tari ba.

Na ce, "Hajiya, Bala ne. Na yi miki laifi ɗazu, na tambaye ki a gaban mutane. Yanzu ba mai jin ki sai Inna Larai. Abin da kika faɗa shi za a yi, kuma ba wanda zai ji daga bakina a Kano."

Ina jin numfashinta. Agogon bangon ofishin yana tafiya, Dakta Lin ba ta ko kalle shi ba, ni ne nake ta kallonsa. Aka yi minti biyu cur. Sai ta ce, "Matar tana nan?" Na ce tana nan. Ta ce, "Gaya mata, ka faɗa yadda na faɗa."

Muryar da ta fito ba ita ce ta tsakar gida ba.

"'Yata, na ji abin da ya faru da jikata, na ji abin da ya ce miki, kuma na san ba ƙarya kike yi ba, halinsa ne. Amma shekara biyar ban sa shi a idona ba. Ba zan ga gawarsa ba, ba zan san inda kabarinsa yake ba. Tun yana jariri ban taɓa rungumarsa a gaban mutum ba. Abu ɗaya ya rage mini, in kwanta in san yadda na haife shi haka aka mayar da shi. Idan aka buɗe shi, ni ba zan ƙara barci ba. Ki yafe mini. Ku bar mini Nafi'u yadda yake."

Da ta faɗi sunan, Kabiru ya kifa kansa a gwiwa ya fashe da kuka irin na yara.

Na juya wa Amina da Sinanci. Kalma bayan kalma, ban sassauta ba, ban ƙara gishiri ba, duk da cewa kowace kalma ina ganin inda take sauka a fuskarta. Da na gama, ta daɗe tana kallon takardar da ta sa wa hannu. Sannan Amina ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta haɗa 'yar Hausar da mijinta ya koya mata, ta ce, "Umma. Na ji. To." Ta miƙo mini, ta fita. Muna jin kukanta daga ƙarshen baranda.

Dakta Lin ta ɗaga waya ta ce a sallami mutanen ɗakin tiyata. Ta rubuta a fayil cewa mahaifiya ba ta amince ba, ta ba ni na sa hannu a karo na biyu. Shida saura minti goma sha biyar. Ta ce in gaya wa Hajiya ta gode da ta ba ta amsa, kuma ba wanda zai taɓa ɗanta. Ita da kanta ta sauka ta sa aka gaggauta takardar shaidar mutuwa. Na tambaye ta a hanya ko akwai yaron da yake jira a sama. Ta ce, "Kullum akwai."

Bayan kwana uku aka gama takardu, Musulmin garin suka taimaka aka samu wuri a maƙabartarsu. Alhaji Isiyaka ya yi wankan, Kabiru yana zuba ruwa. Rahoton likita ya fita, asibiti suka dakatar da ni wata uku, daga baya suka sake kira don ba su samu wani mai surutu irina ba. Amina ta yi kusan shekara ba ta amsa gaisuwata. Ban ga laifinta ba. Har yau idan na ce na tabbata sakamakon ranar shi ne mafi alheri ga kowa, na yi ƙarya. Wasiyyar mutum ba ta cika ba, wani yaro bai samu abin da zai samu ba, kuma ni ne na warware.

Abin da na tabbata da shi ɗaya ne. Hukuncin ba nawa ba ne, na Hajiya ne, kuma na kusa ƙwace mata shi saboda labarin ɗaya ɓangaren ya taɓa ni. Ku da za a kira ku asibiti gobe, ku sani mutanenmu ba sa cewa a'a a gaban jama'a, musamman iyaye mata, musamman a kan abin da ya fi yi musu ciwo. Kafin ku tambaya, ku duba su waye a ɗakin. Ku tambayi ko ɗan na nawa ne. Idan kuma kun ji kanku kuna addu'ar amsa ta zo ta wani gefe, ku ajiye alƙalami, ku sake tambaya.